Yadda Ake Buga Zanen Adinkra da Sakaina da Ɓawon Kirni

A ƙasar Asante ta Gana, mutum kan shigo taro bai ce uffan ba, amma wanda ya san kan abin ya riga ya ji maganarsa daga zanen da ya yafa. Zanen adinkra ke nan: yadin auduga da aka raba gida-gida, kowane gida an cika shi da tambari iri guda, an buga an sake bugawa da baƙar tawadar itace. Kowane tambari da sunansa, bayan sunan kuma akwai karin magana. Garin da ya yi fice a wannan sana'a shi ne Ntonso, kimanin kilomita 20 daga Kumasi a kan hanyar Mampong. Hausawan zangon Kumasi ba baƙin wannan zane ba ne, don duk Asabar, ranar da Asantawa suka fi yin taron makoki, sai ka ga gari ya cika da ja da baƙi.

Tsofaffin Asante suna danganta sana'ar da Adinkra, sarkin Gyaman, ƙasar da yau ta rabu tsakanin Gana da Kwaddebuwa. An ce ya kwaikwayi kujerar zinari ta Asante, Sarki Osei Bonsu ya yaƙe shi a 1818, aka kwaso masu sana'ar zuwa Kumasi. Sai dai wani Bature mai suna Bowdich ya samu zanen adinkra a Kumasi tun 1817, yana nan ajiye a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, da taurari da ganguna irin na kalangu a jikinsa. Ashe kafin yaƙin ma ana bugawa.

Abin da zai ba ka sha'awa, kusan duk kayan aikin muna da su a gida. Itacen da Asantawa suke kira badie, wanda ake dafa tawadar da ɓawonsa, shi ne kirni, kuma ba ya son kurmi, daga arewacin Gana ake kai wa mutanen Ntonso shi. Sauran kuwa duma ne, da kashin maƙera, da farin yadi.

Fara da maganar da za ka yi

Kafin ka taɓa wuƙa, zauna ka yanke abin da zanen zai faɗa, da wanda zai yafa shi, da inda zai je da shi. Nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe, don sukan zaɓi tambari saboda kyansa kawai.

Adinkra ba abjadi ba ne. Ba za ka rubuta sunanka da shi ba yadda za ka yi da ajami ko boko. Tambari ɗaya magana ɗaya ce cikakkiya, kuma mai karatu sai ya riga ya san karin maganar kafin ya gane. Ɗauki akoko nan, wato ƙafar kaza. Idan ba ka taɓa jin cewa kaza tana taka 'ya'yanta amma ba ta kashe su ba, abin da za ka gani ƙugiyoyi ne kawai. Wanda ya sani kuwa, yana gani zai gane ana zancen horon iyaye ne, ko shugaban da ke tsawatarwa ba don ƙiyayya ba.

Wani jami'in mulkin mallaka, Rattray, ya tattara tambura 53 a 1927. Yau sun ninka haka nesa ba kusa ba, domin har gobe ana ƙirƙiro sababbi. Ba sai ka san su duka ba. Gye Nyame shi ne wanda za ka fi gani, a ƙofar gida, a bayan mota, har a jikin kujerar roba, ma'anarsa "sai Allah": ba wanda ya ga farkon duniya, ba wanda zai ga ƙarshenta sai Shi. Sankofa yana zuwa a siffa biyu, ko tsuntsu da ya waiwaya da ƙwai a baki, ko zuciya mai lanƙwasa ciki da waje, yana cewa ba laifi ba ne ka koma ka ɗauko abin da ka manta. Dwennimmen ƙahonin rago ne, ƙarfi tare da tawali'u. Akoma zuciya ce, haƙuri. Mate masie, na ji na adana. Akwai kuma kadoji biyu da suka gicciya, cikinsu ɗaya amma suna faɗa a kan abinci, don kowa yana son daɗin ya bi ta nasa maƙogwaron. Wannan na ƙarshe ni dai ban san wani zane da ya fi shi iya kwatanta rikicin gado ba.

To, ga inda hankali yake. Owuo atwedee tsani ne, siffarsa mai sauƙi, kuma yana yin kyau ainun idan an jera shi. Amma tsanin mutuwa ne, wanda aka ce ba mutum ɗaya ke hawansa ba. Ka buga shi a zanen amarya, ka kai wa surukai Asantawa, ka ga yadda fuska za ta sauya. Na biki sai ka nemi osram ne nsoromma, wata da tauraro, alamar amana tsakanin miji da mata, ka haɗa da akoma. Na ta'aziyya shi ne wurin tsanin, tare da Gye Nyame. Akwai kuma waɗanda suka shafi addinin gargajiya kai tsaye, irin nyame dua, wanda ke nuna itacen da ake kafawa a tsakar gida a ɗora tukunyar tsafi a kai. Musulmi ko Kirista da zai yafa zane ya dace ya san abin da ya ɗauka a kafaɗa.

Af, akwai ma tambarin da ya ambaci malamai. Suna kiransa kramo bone, cikakkiyar maganar ita ce mugun malami ya sa ba a gane nagari. Ba abin mamaki ba ne, don tun zamanin Osei Bonsu akwai malamai Musulmi a fadar Kumasi suna rubuta wasiƙu da layu, kuma wasu masana na ganin rabon zanen gida-gida yana da alaƙa da hatimin da ake zanawa a rigunan yaƙi.

Ga mai farawa, tambari uku ko huɗu sun isa zane guda. Zana su a takarda, ka zana gidajen, ka rubuta wanda zai shiga kowanne.

Ɗora tawada tun da wuri

Ita ce ta fi cin lokaci, saboda haka da ita za ka fara, ka yi sassaƙa tana kan wuta. Asantawa suna ce mata adinkra aduro.

Nemi ɓawon kirni wurin masu sayar da itatuwan magani, kuma ka saya da yawa fiye da yadda kake zato, don babbar tukunya ce ke komawa ɗan kwano. Kankare busasshen bayan da wuƙa har jan cikin ya fito. Farfasa shi ƙanana, ka jiƙa a ruwa ya kwana ya wuni. Idan ya yi laushi sai a zuba a turmi a daka har ya zama zare-zare. Kada ka zubar da ruwan jiƙon, da shi za a dafa. Turmin ma kada ya zama na dakan fura, don launin ba ya fita da sauƙi, kuma uwargida ba za ta yafe maka ba.

Juye dakakken ɓawon a tukunyar ƙarfe ko rabin duro, ruwa ya sha kansa, ka ba shi wuta na sa'o'i. Ruwan zai yi ja mai duhu. Sauke ka tace da tsumma, ka matse tuƙar sosai. Tacewa biyu ta fi, domin ɗan ƙaramin zare da ya tsallake shi ne zai maƙale a hatimi, wato sakainar da ake bugu da ita, ya ɓata maka gida guda.

Yanzu sai ka mayar da tataccen ruwan kan wuta, ka jefa dunƙulen kashin maƙera a ciki, wanda su suke kira etia. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa zama wurin dukawa: ɓawon kirni yana da irin sinadarin baurin nan da ke cikin bagaruwa, kuma duk inda wannan sinadari ya gamu da ƙarfe sai ya yi baƙi. Abin da ke sa kuloko, baƙin rinin dukawa, ya baƙanta jemammiyar fata ke nan. In babu maƙeri kusa, tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa za su yi.

Daga nan sai haƙuri. Ruwan zai riƙa ƙonewa yana raguwa, daga ja zuwa ruwan ƙasa, daga nan zuwa baƙi mai sheƙi. Idan ya fara kauri ka rage wuta, ka riƙa juyawa, in ba haka ba ya kama gindin tukunya ya ƙone, tawadar ta yi gudaji. Gwajinsa shi ne ka tsoma sanda ka ɗaga. In ya zube shar, da saura. In ya sauko a hankali yana jan zare, ya yi. Ɗiga kaɗan a ƙyalle ka gani: ɗigon ya tsaya inda ya faɗi, kada ya yi gefe-gefe. Ka tuna zai ƙara kauri bayan ya huce, don haka sauke shi kafin ya kai yadda kake so. Wanda ya yi kauri da yawa ana sassauta shi da ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan. Wanda ya yi ruwa sai komawa wuta.

Sassaƙa hatimi

Ba kowace ƙwarya ke yi ba. Kana son busasshen duma mai kaurin baya, irin wanda ake fafe masaki da shi. Ƙaramin koko mai sirara zai tsage tun kafin ka gama. Sakainar tsohon masaki ma ta wadatar, in dai ba ta ruɓe ba kuma ƙwaro bai ci ta ba. Yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace faɗin santimita 5 zuwa 8.

A bayan ƙwaryar ake sassaƙa, ɓangaren mai tauri da santsi. Ɗan kankare santsin kaɗan don tawada ta samu wurin kamawa, sannan ka zana tambarin da fensir. Ka lura da abu guda: duk abin da ka zana zai fito a juye, dama ta koma hagu. Ga adinkrahene, wanda da'ira uku ne wata cikin wata, ba ruwansa. Ga tsuntsun sankofa ko Gye Nyame kuwa, dole ka zana a juye. Hanya mai sauƙi ita ce ka zana a takarda da fensir mai baƙi sosai, ka kifa takardar a kan sakainar, ka goga bayanta da farce. Zanen zai koma can a juye da kansa.

Da ƙaramar wuƙa mai kaifi za ka fara bin gefen layi, kana yanka a tsaye, sannan ka ƙwaƙule wuraren da ba ka son su taɓa yadi. Abin da ka bari a tudu shi ne zai fito baƙi. Yi rami mai ɗan zurfi, don mara zurfi tawada ke cika shi, tambarin ya fito dunƙule guda. Kada ka bar layin da ya cika siriri, bugu kaɗan zai karye. Wuƙa kuma ta riƙa tafiya gaba, nesa da yatsan da ke riƙe da sakainar. Fara da adinkrahene ko tauraro, ka bar kadoji sai hannu ya faɗa. Wanda ya saba zanen ƙwarya, irin na matan Fulani ko masu sana'ar a kasuwa, wannan mataki wasa ne gare shi.

Saura mariƙi. Fere tsinken gora ko na tukurwa guda uku ko huɗu, tsawon yatsa da ɗan ɗori. Soka su a cikin ƙwaryar, ɓangaren mai laushi, kusa da kusurwoyi, amma kada su ɓullo ta gaba. Tattara kawunansu wuri guda ka ɗaure da zare, ka naɗe da ƙyalle. Amfanin ƙafafu da yawa shi ne nauyin hannunka ya rarrabu ko'ina a kan hatimin. Sai ka sa ɗan alama a mariƙin da ke nuna sama, don kana cikin aiki ba za ka riƙa juyawa kana dubawa ba.

Kana kuma bukatar matajin katako mai haƙora kaɗan masu tazara, don jan layi. Kana iya sassaƙa shi da kanka daga ɗan falle.

Yadi

Auduga zalla, mara sheƙi. Leda-leda ba ya shan wannan tawada. Wanke shi sitati ya fita, ya bushe, a goge.

Launin ƙasan zanen ma magana ne. Ja, wanda suke kira kobene, da baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, na makoki ne. Mai duhun sukan rina shi da ɓawon saiwar itacen kuntunkuni, a tsoma a shanya, a sake tsomawa, sau da yawa. Fari da launuka masu haske na murna ne, su ake kira kwasiada adinkra, wato na Lahadi. Fara da fari, shi ya fi nuna aikinka, kyansa da aibinsa. Manyan zannuwa kan zo falle-falle, a haɗa su da ɗinkin hannu na zaren ja da rawaya da kore da shuɗi, wanda ake kira nwomu. Ana yin ɗinkin kafin bugu. Ba dole ba ne a zanen gwaji.

Shimfiɗa buhun algarara ko siririn soso a kan dogon katako ko daɓe mai laushi, ka ɗora yadin, ka ja shi ya miƙe, ka kafe gefunan da ƙananan ƙusoshi. Shimfiɗar ƙasan nan kada ka raina ta. Hatimin a ɗan lanƙwashe yake, in ƙasa ta yi tauri tsakiyarsa kawai zai taɓa.

Jan layi da bugu

Da farko ka auna gidajen da hatimin da kansa. Idan kana son tambari biyar a jere, jera busasshen hatimin sau biyar, ka bar 'yar tazara tsakani, ka sa alama da alli. Masu shekaru a sana'ar da ido suke yi, kai kam yi awo. Gidan da aka ja ba awo, ƙarshensa ka iske saura rabin wuri, ko ka matse tambari ko ka bar fili.

Tsoma haƙoran matajin a tawada, ka girgiza, ka ja daga gefe zuwa gefe a tafiya ɗaya. Zai bar layuka jere da juna. In tawada ta ƙare a hanya, sake tsomawa ka ɗora daga ɗan bayan inda ta tsaya. Gama na tsaye, ka bari su sha iska, sannan na kwance, don kada hannun riga ya share maka su.

Zuba tawada a ƙaramin kwano mai faɗin baki. Tsoma fuskar hatimin kawai, kada ta kai ga mariƙi. Ɗaga ka yarfe sau ɗaya a cikin kwanon, abin da ya yi yawa ya koma. Kai shi kan yadi, ka sauke gefe ɗaya, ka mirgina zuwa ɗaya gefen, ka ɗaga sama tsaye. Motsin a wuyan hannu yake, ba a kafaɗa ba. Kada ka danna da ƙarfi, kada ka ja, kada kuma ka koma kan wanda ka riga ka buga don ka gyara shi, ba ya taɓa faɗawa daidai. Duk bugu ɗaya tsomawa ɗaya. Sabon hatimi yana shan tawada da farko, don haka buga shi a tsumma har sai ya fara fitowa cif kafin ka kusanci zanen.

Fara daga gefen da ya fi nisa da kai, kana ja da baya, kwanon tawada kuma ya zauna a wajen yadin, ta ɓangaren da ba ka buga ba tukuna. Cika gida ɗaya kafin ka shiga wani. Idan tambari ɗaya zai fito a gidaje da yawa, gama da shi duka sannan ka ɗauki na gaba. Mai nauyi da baƙi sosai, irin dwennimmen, ka sa shi kusa da mai sirara irin tauraro, ido ya samu wurin hutawa. In ramin hatimi ya fara toshewa, tsinke da ɗan ruwa sun isa.

Za ka ga wani ya fi wani baƙi, wani ya ɗan karkace. Bar shi. Da wannan ake bambanta bugun hannu da na inji. Ɗigo ne kawai abin gudu, shi ma in ya faɗi kada ka goge, gogewa faɗaɗa shi take yi.

Kana iya ƙirƙiro naka tambarin? Ƙwarai. Tun 1825 aka aika wa Sarkin Holan, Willem na Ɗaya, zanen adinkra daga Elmina, garin gaɓar tekun Gana, da tambarin masarautarsa a tsakiya, yana gidan tarihi a birnin Leiden na Holan. In ka sassaƙa dagin Arewa ka ba shi gida guda, ba ka yi ɓarna ba. Abin da bai dace ba shi ne ka laƙaba wa naka suna da Asantanci ka ce tsohon tambari ne.

Shanya da adana

Ɗauke zanen da mutum biyu, a shimfiɗe, a kai rana. Kada a rataya shi tawada na ɗanye, za ta zubo. Idan ya bushe za ka ji tambarin ya ɗan yi tudu a ƙarƙashin yatsa, yana ƙyalli.

Ga gaskiyar da mai sayarwa ba kullum yake faɗa ba: wannan tawada ba ta jure wanki. A kan yadin take zaune, ba ta shiga cikin zare yadda baba ke yi a marina. Shi ya sa Asantawa ba sa wanke zanen adinkra na asali yadda ake wanke tufafi, sai dai a shanya shi ya sha iska a ninke, in ya kwana biyu ya koɗe a mayar wa masu rini su sabunta shi. A kiyaye shi daga ruwan sama da jiƙaƙƙen hannu. In za a goge, ta baya, da ƙyalle a tsakani.

Saboda wannan matsala ne masu sana'ar da yawa a Ntonso yau suka koma buga zane ta rariyar siliki da fentin yadi na kanti, wanda ke jure wanki kuma ya fi sauri. In riga za ka yi ko labule ko jakar da za a riƙa wankewa, yi amfani da fentin yadin, hatiminka na ƙwarya zai ɗauke shi lafiya lau, sai dai ka shafa shi a soso ka riƙa dangwala maimakon tsomawa. Ka dai faɗa wa mai saye wanne ne ka ba shi.

Ragowar tawadar kirni a rufe ta a kwalba. In ta daskare, ɗan ruwa da ɗumin wuta za su tashe ta. Hatiman kuwa a ɗauraye su da zarar an gama, kada a bar su a jiƙe, su bushe a inuwa don rana tana tsaga ƙwarya, sannan a rataye su ta mariƙi inda ɓera da gara ba za su kai gare su ba.